Baitin Wuta

Lahadi, 24 ga Fabrairu 1991, bayan azahar

Nimatou 'yar majami'armu ce ta ba ni kayen nan, wato littafin rubutu. Ta ce in rubuta waƙar a ciki in kawo mata, ta huta da jirana. Ba zan rubuta waƙar ba, don ba a takarda na same ta ba. Amma tunda ga kaye ga alƙalami, bari in riƙa ajiye abin da ke faruwa, kar gobe a ce Nouhou baduku ne ya tada rigima.

Ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Matata marigayiya Saude ce ta koya min baƙi a cikin Littafi, ina da shekara arba'in da wani abu. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri.

Yau bayan sujada Fasto Badarou ya tsai da mu. Ya ce ƙasa ta buɗe, kowa na buga abin da ya ga dama, jaridu sun fi masu karatu yawa. Mu ma za mu buga littafin waƙoƙinmu na Hausa kafin Jumma'ar Gicciye. Nimatou ta iya mashin ɗin buga rubutu, ita za ta buga. Aka yi tafi. Majami'armu tsohon ɗakin ajiyar albasa ne, har yau in rana ta yi zafi warin na tashi, mutum arba'in ne mu in an cika. Tafin bai yi wata ƙara ba.

Waƙar Gicciye za a fara sawa. Babu mai ita sai ni. Malam Jatau ne ya yi ta a asibitin kutare can wajen Maraɗi. Ba shi da yatsun riƙe alƙalami, a kunne ya zuba min, baiti ashirin da ɗaya, ya ce kar ka ƙara, kar ka rage. Na ce to. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ni ke ba da baiti, jama'a su amsa: Haka aka yi, mun shaida. Shekara talatin da shida ke nan.

Talata, 26 ga Fabrairu, la'asar

Na je gidan Nimatou. Ina faɗa tana bugawa. Abin ba daɗi. Waƙa ta ɗauko gudu sai ta ce, tsaya Baba, maimaita. Na ce 'yata, ba haka ake tafiyar da ita ba. Ta ce mashin ba ya jin murya, kalma yake ji.

Mun kai na takwas.

Alhamis, 28 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Mun kai na sha huɗu. Na ce ba zan rubuta waƙar a nan ba, amma wannan zan rubuta, tunda a kansa ake:

Fushin Uba ya kama kamar wutar daji,
Ya bi ta kan Ɗa, ya ci, ya ƙare.
Mai laifi, ruga ka tsaya a tokar,
Nan wuta ba ta da sauran abin ci.

Ta buga layi na farko, ta buga na biyu, sai ta ɗauke hannu. Ta ce, "Baba, haka muke cewa mun shaida duk shekara?"

Na ce tun kina goye.

Ta ce, "A kunne yana wucewa ne. Yau na gan shi a tsaye."

Ta ce za ta nuna wa Fasto. Na ce ta nuna wa gwamna ma. Na ɗauki hulata.

Asabar, 2 ga Maris, hantsi

Fasto ya zo rumfata ya zauna kan benci ina ɗinkin takalmi. Yaro ne mai ladabi, ba na ƙi. Ya yi karatu a Porto-Novo, Hausarsa ta kasuwa ce amma yana ƙoƙari. Ya gaishe ni har da tambayar gwiwa, sannan ya shiga.

Ya ce, "Baba, Uba da Ɗa ba su taɓa rabuwa ba. Ba wani ne ya huce a kan wani ba. Ƙauna ce ta kai shi can."

Na ce ban ce ba ƙauna ba ce. Na ce Fasto, shekara ashirin na yi gadi a bakin teku kafin in koma wa fata. Na ga abin da mutum ke yi wa mutum. In Allah ya ga wannan bai yi fushi ba, to me zan yi da shi? In kuma ya yi fushi, ina fushin ya tafi? In bai ƙare a can ba, yana nan yana jira.

Ya ce, "Jiran wa, Baba?"

Na ce miƙo min basilla.

Ya ce akwai kuma maganar maƙwabta. A Zongo muke, bango ɗaya ne tsakaninmu da Musulmi, duk shekara suna jin muna cewa Uba ya ƙone Ɗansa. Yanzu kuma a takarda zai fita, kowa ya ɗauka ya karanta. Na ce lokacin da muke rufe taga muna waƙar ƙasa-ƙasa don kar a kai rahotonmu, ba mu canza ta ba. Yanzu da aka ce a buɗe taga za mu canza?

Ya ce zai kawo wa ikilisiya.

Lahadi, 3 ga Maris, bayan azahar

Fasto ya kawo nasa baitin. Ya karanta a gaban kowa. Wai ƙaunar Uba ta zubo kamar ruwan farko, ta bi ta kan Ɗa ta iso gare mu. Ba shi da muni. Amma bai hau muryar ba, na gwada a raina, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kuma mai laifi ya ɓace a ciki. Ban san inda aka kai shi ba.

Za a yi mako biyu ana tunani, sannan a yi zaɓe. Zaɓe! Bana komai zaɓe ne. Na ce da Malam Jatau ya san za a kaɗa masa ƙuri'a da ya nemi kati. Mutum biyu suka yi dariya, sauran suka dubi ƙasa.

Litinin, 4 ga Maris, da safe

Kafin in buɗe rumfa na ce bari in bi ta daga farko har ƙarshe, don in an tambaye ni sauran in zubo ba gargada. Na ɗauki guntun fata, kowane baiti in huda rami ɗaya.

Ashirin.

Na yi sauri ne.

Litinin ɗin dai, azahar

Ashirin.

Talata, 5 ga Maris, da safe

Sabuwar fata. A hankali. Ashirin.

Laraba, 6 ga Maris, la'asar

Nimatou ta aiko a ce tana jirana, mu ci gaba da na sha biyar zuwa ƙarshe, na sha huɗu a bar shi sai an yi zaɓe. Na ce a gaya mata ba zan ƙara ba da kalma ɗaya ba sai an bar na sha huɗu yadda yake. Waƙar ko duka ko babu.

Haka na ce. Maganar ta yi kyau a bakina.

Jumma'a, 8 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Alhaji Tahirou mai goro ya dawo ya zauna a bencina kamar kullum. Shekara sha biyar rumfarsa na jikin tawa. Ya ce, "Limamin Nasara, an ce kun kama kokawa da juna."

Na ce wai don ku ake so a canza, kar ranku ya ɓaci.

Ya ce, "Mu? Wa ya tambaye mu? Ni dai a wurina Annabi Isa ba a gicciye shi ba, ka sani, na sani. Amma duk shekara in kuka fara, tsohuwata na matsawa jikin bango. Ta ce muryar badukun nan tana sa ta tuna mutuwa, kuma hakan na da kyau."

Na ce ka gaya wa Fasto.

Ya ce ba ya shiga faɗan gidan wani. Ya fasa goro ya ba ni rabi. Sai ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Na ga Shamsudeen a sahu na uku. Ya fara furfura."

Na ce ban san wani Shamsudeen ba.

Ya ce, "To, Iliya ɗanka."

Na ce goron nan ya yi ɗaci.

Lahadi, 10 ga Maris, da yamma

Zaɓen shugaban ƙasa. Aka yi sujada a gurguje, kowa ya tafi layi. Na tsaya awa uku a rana. A cikin layin ina bin ta a raina. Daga wuta sai in faɗa kan sojan nan mai mashi. Na sha huɗu wuta, mashi kuma na sha shida ne, wannan na tabbata, don Malam Jatau a nan yake tsayawa ya sha ruwa.

Tsakaninsu akwai abu.

Na jefa takardata. Ban ma tuna wa na jefa wa ba sai da na dawo gida.

Talata, 12 ga Maris, hantsi

Na bi gidajen tsofaffin matanmu biyu, wai gaisuwa. Na ce musu don in gwada ku, bayan baitin wuta me ke zuwa? Ɗaya ta ce, haka aka yi, mun shaida. Ɗayar ta ce, Baba Nouhou, kai ke da ita, mu namu amshi.

Na yi dariya na ce kun faɗi jarrabawa.

Alhamis, 14 ga Maris, azahar

Babu.

Asabar, 16 ga Maris, bayan la'asar

An yi taro a majami'a, kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin gobe. Masu dakon albasa suna tare da ni, amma ba su iya magana ba, sai "a bar mana kayanmu." Wani mai gadi ya miƙe ya ce shi baitin nan ne ya hana shi komawa giya, don ya san abin da aka biya. Wata ta ce 'ya'yanta na tsoron ranar. Fasto ya buɗe wurare biyar a Littafi. Ni ma na faɗi uku da ka, har da maganar ƙoƙon nan da Ɗa ya roƙi Uba ya ɗauke masa a cikin lambu. Na ce me ke cikin ƙoƙon? Kunu?

Aka yi dariya. Na ɗauka na ci.

Sai Nimatou ta miƙe. Ba ta dube ni ba. Ta ce ita ba ta yi karatun Fasto ba, ba ta kuma kai Baba sanin Littafi ba. Ta ce ubanta in ransa ya ɓaci a kasuwa, yana shigowa gida sai ya nemi wanda zai sauke wa. Yawanci yayanta ne, don shi ke tarewa. In ya gama sai ya zauna ya ce, to, yanzu zuciyata ta yi sanyi, a kawo tuwo. Su kuma ƙanana su ci abinci lafiya, don sun san yau an riga an sauke.

Ta ce, "Da na ga baitin a takarda, tsakar gidanmu na gani. Ina so in ce mun shaida. Bakina ne ya ƙi. In Baba ya ce min Allah ba haka yake ba, ya nuna min a cikin waƙar."

Kowa ya juyo.

Da ina da abin nunawa da na nuna. Na ce waƙar ko duka ko babu. Na fita tun ba a yi addu'ar rufewa ba.

Hannuna na dama yana ciwo tun lokacin. Ban yi aiki da shi yau ba.

Lahadi, 17 ga Maris, bayan azahar

An ce an ga wata, Zongo ta tashi da azumi.

Mu kuma zaɓe. Ƙwarya a bayan labule, kowa a ba shi ƙwayar masara ɗaya da wake ɗaya. Masara a bar baiti, wake a canza. Aka miƙo min, na ce ba na jefa wa Malam Jatau wake, ba na jefa masa masara, ba kaza ba ne.

Wake ashirin da biyu. Masara sha uku.

Fasto bai yi murna ba, zan faɗi gaskiyarsa. Ya biyo ni waje ya ce, "Baba, kai za ka ba da waƙar ranar Jumma'a kamar kullum. Babu mai karɓe maka. Layi huɗu ne kawai. Ka ba Nimatou sauran, don Allah. In wani abu ya same ka, shi ke nan ta tafi."

Na ce ai kun riga kun fara binne ta.

Ya ce, "Kai ne kake riƙe da ita, Baba."

Litinin, 18 ga Maris, da safe

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Rigimar nan ta rufa min asiri. Da ba su taɓa na sha huɗu ba, da Nimatou ta ce to na sha biyar, da me zan ce?

Na ce wa Malam Jatau to. Kar ka ƙara, kar ka rage. Ina ta yi wa Fasto ihu kan layi huɗu, ni kuwa huɗu sun zube daga hannuna ban ma san ranar ba.

Na san ranar.

Laraba, 20 ga Maris, la'asar

Mutum biyu ne suka taɓa riƙe ta duka ban da ni. Ɗaya, Saude, tana maƙabarta shekara huɗu.

Alhamis, 21 ga Maris, azahar

Ba zan je ba.

Lahadi, 24 ga Maris, da yamma

Zagaye na biyu na zaɓen. Kafin la'asar raɗe-raɗi sun cika unguwa, wai an yi tashin hankali a arewa, wai an kori mutane. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa wani ne ya gaya masa. Masu kamiyo, manyan motocin kaya, sun fasa tafiya. Mu 'yan Zongo in abu ya tashi a can, a nan ake kallonmu, ba a tambayar wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa majami'a.

A sujada yara sun shigo da ganyen dabino. Masu masara sun zauna gefe ɗaya, masu wake gefe ɗaya. Ba wanda ya ce a yi haka. Nimatou ta gaishe ni, na amsa. Ta ce littafin zai fita da baiti sha huɗu kawai in ban zo ba. Na ce ya fita.

Saura kwana biyar.

Talata, 26 ga Maris, hantsi

Rabin rumfuna a rufe. Alhaji Tahirou ya buɗe tasa, ya ce in an zo ƙonawa gara a same shi a ciki. Azumi ya sa shi surutu.

Ya dube ni ina juya guntayen fatar nan masu ramuka. Sun kai goma yanzu. Ya ce, "Nouhou, tasbaha kake ƙerawa?"

Ban san me ya sa na gaya masa ba. Na ce baiti ɗaya ya ɓace min.

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Iliya na unguwar Ladji. In ka wuce inda ake sauke kifi, rumfar gyaran injin kwalekwale, mai kwano shuɗi."

Na ce ban tambaye ka ba.

Ya ce, "Ban gaya maka ba. Da kaina nake magana, yunwa ce."

Na ce mutumin da ke azumi zan je in ce ya faɗa min maganar gicciye?

Ya ce, "Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Kai dai naka zuwa ne. Shekara sha ɗaya, Nouhou. Ina nan tsaye ranar, ni na riƙe maka hannu."

Na ce ya koma rumfarsa.

Laraba, 27 ga Maris, kafin magariba

Na je.

Na hau zemijan, babur ɗin haya, na sauka tun da nisa na ƙarasa da ƙafa. Rumfar na nan yadda Alhaji ya ce. Yana durƙushe gaban inji, hannu duk baƙin mai. Na tsaya. Na ce gafara dai.

Ya ɗago. Ya miƙe, sannan ya sake durƙusawa. Ya ce, "Baba."

Gaskiya ne, ya yi furfura. Tabon da hannuna ya bar masa na nan a gefen kunne.

Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba.

Ya ce, "Na sani."

Wata mata ta leƙo daga ciki, ta fito ta durƙusa ta ce sannu da zuwa Baba. Ya ce matarsa ce, Labiba. Ta kawo kujera da ruwa a moɗa. Na zauna a kujerar. Ruwan na bar shi, ba zan sha a gaban masu azumi ba.

Na ce waƙar Malam Jatau.

Ya ce, "Ina azumi, Baba."

Na ce ban ce ka rera ba. Ban ce ka yarda ba. Abin da ke tsakanin wuta da mashi kawai.

Ya goge hannu da tsumma, ya goge, ya goge. Ya ce, "Na sha biyar."

Na ce e.

Ya ce, "Inna ta gaya min. Ta ce tun shekarar nan kake tsallake shi, ba wanda ya lura sai ita."

Ashe Saude tana zuwa nan. Duk ranar Alhamis ɗin da take cewa ta tafi sayen kifi mai araha. Ina ce na sani. Ban tambaya ba ne.

Ya ce, "Ka san bulala nawa na sha a kan baitin nan? Kullum sai in juya layi na biyu. Shi ya sa bai fita ba. Na yi sallah a kansa shekara sha ɗaya, yana nan."

Wani mai kwalekwale ya zo tambayar injinsa, ya ce masa gobe. Sannan ya juya wa injin fuska, ba ni ba, ya faɗa. Ba da murya ba, kamar mai karanta lambar gida.

Da wutar ta mutu Uba ya sauko,
Ya shiga tokar ba takalmi a ƙafa,
Yana kira, Ɗana, Ɗana,
Bai koma gida ba sai da ya ɗauko shi.

Sai na ji wani ya ce haka aka yi, mun shaida. Ni ne. Shekara talatin da shida ban taɓa zama mai amshi ba.

Ya ce, "Faɗa in ji."

Na faɗa. Na juya layi na biyu.

Ya ce, "Sake."

Na sake. Layi na uku ya maƙale.

Ya ce, "Sake."

Sau huɗu. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. A na huɗun ya ce shi ke nan, ya zauna.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Yana bakina. Na ce masa injin nan na wane ne, ya gaya min. Na ce to, zan koma kafin a sha ruwa. Labiba ta ce in tsaya, na ce wata rana. Ya raka ni har bakin hanya, ya tsai da zemijan, ya riƙe min hannu na hau.

Ya ce, "In ya sake ɓace maka, ka san wurin."

Alhamis, 28 ga Maris, da safe

Ashirin da ɗaya.

Jumma'ar Gicciye, 29 ga Maris, bayan la'asar

An cika, har da tsaye a ƙofa. Tagogi a buɗe. An raba takardu, baiti sha huɗu, na ƙarshen na Fasto. Mutum nawa ne ma suka iya karantawa? Wasu sun riƙe ta a kife, wasu suna fifita da ita.

Kafin a fara Fasto ya raɗa min, "Baba, ikilisiya ta yi zaɓe." Na ce na ji.

Na ɗauko. Daga na ɗaya har na sha uku amshi na zuwa kamar kullum, ɗakin na girgiza. Da na kai na sha huɗu na ba da shi yadda aka ba ni. Wuta, toka, mai laifi, ban rage ba.

Masu masara suka amsa, su ma ba duka ba. Sauran shiru. Ban taɓa jin amshi ya fito siriri haka ba. Fasto ya sunkuyar da kai. Nimatou ta haɗe baki, tana kallona ido cikin ido. Wani a baya ya miƙe zai fita.

Na ba da na sha biyar.

A layi na uku muryata ta tsage. Na tsaya, na sake kiran. Na ƙarasa.

Ba wanda ya amsa da farko, don kunnensu bai saba ba, mashi suke jira. Sai Nimatou ta ce, haka aka yi. Ita kaɗai. Ta tsaya a nan kamar tana auna sauran. Sannan ta ce mun shaida, mutane suka biyo ta. Ba duka ba. Wanda ya miƙe bai fita ba, bai kuma zauna ba, haka ya tsaya har na ashirin da ɗaya.

Bayan an tashi Fasto ya same ni ina neman takalmina. Na ga ransa a ɓace, yana da gaskiya. Ya ce, "Ka taka zaɓen ikilisiya, Baba. Dattawa za su zauna a kai."

Na ce su zauna.

Ya ce, "Wannan na bayansa, ina yake duk shekarun nan? Shekara shida ina nan ban taɓa ji ba."

Na ce a Ladji.

Bai gane ba. Ya ce yana son baitin, shi ne abin da yake ta ƙoƙarin faɗa. Sai ya dubi takardarsa. Ya ce, "Amma in na sa ruwa a na sha huɗu, tokar daga ina?"

Na ce kai ka yi karatu.

Ya ce, "Har yanzu ban yarda Uba ya huce a kan Ɗansa ba."

Na ce ni ma yau ban san yadda zan faɗe shi ba. Na dai san ba a raba su biyun. Na gwada, Fasto.

Asabar, 30 ga Maris, azahar

Na je gidan Nimatou tun hantsi. Na ba ta daga na sha biyar har ƙarshe. Ta ce tsaya Baba, maimaita, na tsaya na maimaita. Wurin na sha huɗu ta bar shi fari, sai dattawa sun zauna. Na ce ta buga na Malam Jatau a wata takarda ta ajiye a akwatinta. Ta buga. Ba ta ce ta yarda da shi ba, ban tambaye ta ba. Littafin ba zai fita kafin Ista ba.

Na dawo na bi ta sau biyu. Ashirin da ɗaya. Yana nan daram, layi na biyun ma bai juya ba.

Ana shan ruwa bakwai saura. In na rufe rumfa da la'asar zan isa Ladji da sauran rana.

Zan ce ya sake ɓace min.